Waƙar da ta maƙale a kai ta ƙi fita: tambayoyi da amsoshi

A Yamai ba sai mutum ya kunna rediyo yake shan kiɗa ba. Taksi da nasa, mai gyaran salula a Katako da nasa, ga gidan biki a Bukoki an kafa lasifika a tsakiyar layi tun la'asar. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji wani na ƙorafin cewa wata waƙa ta shige masa kai tun da safe, ya yi ya yi ta ƙi fita. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan lamari.

Wai me ke faruwa ne idan waƙa ta maƙale wa mutum a kai?

Ƙwaƙwalwa ce ke rera ta da kanta, ba tare da an sa ta ba. Sashen da ke karɓar sauti daga kunne ba ya zama shiru don kawai kunnen bai kawo masa kome ba, yana iya tayar da sautin da ya riga ya sani.

A 2005 wasu masu bincike a kwalejin Dartmouth da ke Amurka, David Kraemer da abokan aikinsa, sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna kunna musu waƙoƙi. Ana cikin waƙa sai su yanke sautin na ƴan daƙiƙoƙi. Idan waƙar da mutum ya sani ce, sashen jin sauti sai ya ci gaba da aiki a cikin wannan shirun, mutanen kuma suka ce su dai sun ji waƙar ta zarce a kansu kamar ba a yanke ba. Idan baƙuwar waƙa ce, aikin sashen ba ya kai haka. To abin da ke faruwa ke nan lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa a shagon tela, lasifika ta mutu, amma tela da yaransa kowa ya ƙarasa baitin a zuciyarsa.

Kuma ƙwaƙwalwa ba ta yin ha'inci wajen kwaikwayon. Daniel Levitin da Perry Cook sun nuna a 1996 cewa idan aka ce mutane su rera waƙar da suka sani da ka, mafi yawansu suna kama saurin kiɗan daf da yadda yake a faifai.

Ni kaɗai ke fama da wannan, ko kowa haka yake?

Kusan kowa. Wani mai bincike a Finland, Lassi Liikkanen, ya tambayi mutane sama da 12,000, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 suka ce abin na samun su aƙalla sau ɗaya a mako. Masu yawan sauraren kiɗa da masu yin sa sun fi saura. Wanda ya ce shi bai taɓa ba, shi ne baƙo a cikin jama'a.

Me ya sa wata waƙa ke kama mutum nan take, wata kuwa ko sau goma ya ji ba ta zama?

Nan ne maganar ke da faɗi. Kelly Jakubowski da abokan aikinta a Ingila sun tattara amsoshin mutane 3,000 kan waƙoƙin da suka fi maƙale musu, suka kwatanta su da wasu waƙoƙin da suka yi tashe daidai da su amma ba su maƙalewa. Sakamakon ya fito a 2016. Masu maƙalewar sun fi sauri. Karinsu mai sauƙi ne, irin wanda ke hawa sannan ya sauko, kamar na waƙoƙin yara. Amma a cikin sauƙin akwai wani ɗan abu da ba a zata ba, murya ta yi tsalle zuwa sama ko ta nanata wuri ɗaya fiye da yadda kunne ya sa rai. Waƙar da ta cika sauƙi tana wucewa ba a lura ba, wadda ta cika wuya kuma baki ba ya iya bin ta. Ta tsakiyar ita ce mai kamu.

Binciken a kan waƙoƙin Turawa aka yi shi, sai dai duk wanda ya san yadda ake gina waƙar Hausa zai ga makaɗanmu sun daɗe da gano wannan dabara da kunnensu. Dubi amshi. Jagora ya yi ta kawo ɗiyan waƙa, kowane da maganarsa, ya yabi wannan, ya zambaci wancan, amma ƴan amshi suna komawa kan layi ɗaya tak, su faɗe shi sau ashirin, sau talatin kafin a tashi. Gobe ka tambayi wanda ya halarci wurin me jagora ya ce a ɗa na bakwai, ba zai iya kawo shi ba. Amshin kuwa yana bakinsa, har matarsa da ba ta je ba ta ɗauka. Haka waƙar gaɗa ta ƴan mata take, haka ta daka, haka ta filin kokowa lokacin gasar ƙasa ta neman takobi, inda kwana da kwanaki gari ke kwana ya tashi da kiɗa iri ɗaya a rediyo da talabijin.

Akwai kuma abin da harshen kansa ke ƙarawa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, ga dogon wasali ga gajere. Shi ya sa kalangu ke iya magana. Makaɗi ya matse tsarkiya ya sassauta, ya buga taken wani, ba wanda ya buɗe baki amma duk mai kunne ya ji kalmomin. Ma'ana a wurinmu kiɗa na janyo magana, magana kuma na janyo kiɗa. Kalma biyu da wani ya faɗa a kasuwa da wani irin kari sun isa su tayar da waƙa sukutum.

Waƙar da ke damuna ba ma son ta nake ba. Tallar kamfanin salula ce. Yaya aka yi ta shiga?

Ba a neman izini. Maimaici ne ya shigar da ita. Talla gajera ce, ana sa ta kafin labarai da bayan labarai, kullum da murya ɗaya da kiɗa ɗaya, kuma waɗanda suka tsara ta abin da suke nema ke nan. Waƙoƙin yaƙin neman zaɓe ma haka, har ka ga ɗan adawa na gunaguni da waƙar abokan hamayya yana wanke mota bai sani ba.

Ko magana zalla, idan aka nanata ta, waƙa take komawa. Diana Deutsch ta jami'ar California a San Diego ta gano haka a 1995, lokacin da ta bar wata ƴar jimla da ta ɗauka da muryarta tana ta juyawa a na'ura, can sai ta ji jimlar ta rikiɗe kamar ana rera ta. Mu nan ba mu buƙatar na'ura don gane wannan. Yarinyar da ke tallar kopto, wato kwaɗon ganye, a unguwa ba waƙa take yi ba, kiran masu saye take, amma bayan ta wuce ƙofar gida sau biyar kiran ya zama waƙa, yara na bin ta da shi.

Duk da haka, bincike ya nuna yawancin waƙoƙin da ke maƙale wa mutane waɗanda suke so ne. Masu ban haushin ne kawai aka fi tunawa, domin su ake ƙorafi a kai.

Yau ban ji waƙar ba, jiya ma ban ji ba. Daga ina ta faɗo?

Victoria Williamson ta jami'ar Goldsmiths a Landan ta tattara labaran mutane masu yawa kan wannan, aka buga a 2012. Babban dalili shi ne jin waƙar kwanan nan ko jin ta sau da yawa. Bayan wannan sai tuni: wata kalma, fuskar wani, wani wuri, wani ƙamshi, ko halin da zuciya ke ciki, farin ciki ko damuwa. Mutum ya wuce gaban tsohuwar makarantarsa sai ya ji waƙar da suke yi a layi da safe. Manya da yawa, idan aka ɗaga tuta, tsohon taken ƙasar Nijar ne ke fara zo musu, wanda aka yi amfani da shi tun 1961, ko da yake an sauya shi a 2023. Shekara sittin da ɗoriya ba ta gogewa a kwana ɗaya.

Sannan lokacin da ta fi zuwa shi ne sa'ad da hannu ke aiki, hankali kuma ba ya kan kome: wanki, shara, tuƙa babur a hanyar da aka saba, jiran shayi ya nuna a fada, ko doguwar tafiyar bas daga Yamai zuwa Tawa, bayan an wuce Dogonduci kowa ya yi shiru.

Me ya sa guntu ɗaya take ta juyawa, ba ta kaiwa ƙarshe?

Galibi abin da ke maƙalewa bai wuce rabin minti ba, kuma amshi ne ko farkon waƙa. Ma'ajiyar da ƙwaƙwalwa ke riƙe sauti na ɗan lokaci ƙarama ce. Ita ce wadda mutum ke amfani da ita idan an faɗa masa lambar waya yana nanata ta a zuci kafin ya samu biro. Ba ta ɗaukar waƙa duka, sai ta kama inda ta fi sani, in ta zo wurin da ta manta sai ta koma farko.

Wasu masana na danganta abin da wani tsohon bincike na Bluma Zeigarnik, wadda ta nuna a Balin a 1927 cewa aikin da aka katse ya fi zama a rai bisa wanda aka gama. In haka ne, to zamanin nan ya haɗa mu da aiki. Kiɗan kiran salula ana katse shi da zarar an ɗaga. A TikTok kuwa guntun waƙa ɗaya ne mutum zai ji a bidiyo ashirin a jere, kowanne ya yanke a wuri ɗaya. Yara da yawa sun haddace tsakiyar waƙoƙin da ba su taɓa jin farkonsu ko ƙarshensu ba.

Ba aljanu ba ne? Ko alamar taɓin hankali?

A'a. Abin da ke samun mutum tara cikin goma ba ciwo ba ne. Alamar da za a riƙe ita ce wannan: mai waƙa a kai ya san sarai cewa a kansa take. Ba ya waiwaye yana neman inda rediyon yake.

Akwai dai yanayin da ya kamata a je likita. Na farko, idan mutum na jin kiɗa kamar daga waje yake zuwa, daga bayan katanga ko ɗakin maƙwabta, alhali ba kowa ke ji ba. An fi ganin wannan ga tsofaffin da jinsu ya ragu. Idan Inna ta ce muku tana jin ana buga kalangu da tsakar dare, kada ku yi mata dariya, kada kuma ku yanke cewa ta ruɗe ko an yi mata jifa. Ku kai ta a duba kunnenta, domin sau da yawa kunnen da ya daina kawo sauti ne ke sa ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da nata. Na biyu, idan abin ya zo kwatsam tare da ciwon kai mai tsanani, ruɗewa, suma ko farfaɗiya, wannan ba na jira ba ne. Na uku, idan waƙar ta yi makonni tana hana aiki da barci, musamman ga mai fama da tunanin da ke tilasta masa maimaita abu, kamar sake alwala sau da yawa ko komawa duba ƙofa. Wannan yana da magani a wurin likitocin ƙwaƙwalwa.

Ƙarar da kunne ke yi, wani "ziii" ko shuuu marar kari, ita daban ce. Wanda ya taɓa shan kinin don zazzaɓin cizon sauro ya san ta.

Abin da ya fi damuna shi ne tana zo mini a cikin sallah. Ina da laifi?

Wannan tambaya tana damun mutane fiye da yadda suke faɗi, domin kunya ke hana su. Ɗan'uwa, ka fara da sanin dalilin zuwanta a lokacin. Jiki ya natsu, wuri ya yi tsit, karatun da kake yi harshenka ya saba da shi har yana iya tafiya ba tare da hankali na biye ba. Irin wannan sarari shi waƙa ke nema. Ba shaida ba ce a kan imaninka.

Hukunci na malamai ne, kuma ya kyautu ka zauna da malaminka, musamman kan abin da za ka yi idan shagalar ta sa ka manta raka'a nawa ka yi, batun ƙabli da ba'adi. Amma akwai abin da ya shahara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu muddin ba su aikata ba, ba su kuma furta ba. Muslim ya ruwaito cewa sahabi Usman bin Abil As ya kai kukan cewa ana shiga tsakaninsa da sallarsa da karatunsa, Annabi (SAW) ya umarce shi da neman tsari. Ke nan tun a wancan zamani ana kai wannan kuka.

Ta fuskar dabara, abu biyu na taimakawa. Ka kashe abin da kake saurare tun kafin kiran sallah, kada ka zare abin kunne a bakin masallaci ka faɗa sahu. Sannan idan kai kaɗai ne, ka riƙa sauya surorin da kake karantawa, ka ɗauko wadda sai ka sa hankali kafin ka kawo ta daidai.

To yaya ake rabuwa da ita?

Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne kokawa da ita. Daniel Wegner ya gwada wannan a Amurka a 1987: ya ce wa mutane kada su kuskura su yi tunanin wata farar dabbar ƙanƙara na minti biyar, duk wanda ta faɗo masa ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Mai ƙoƙarin kada ya tuna abu dole ya riƙa leƙawa ya ga ko ya tuna, leƙen kuma shi ne tunawar. James Kellaris na jami'ar Cincinnati ya kwatanta waƙar da ƙaiƙayi: susa na da daɗi, amma ita ke ƙara shi.

Abin da ya fi aiki shi ne a ba wa muryar zuci wani aikin. Ira Hyman da ɗalibansa a jami'ar Western Washington sun gano a 2013 cewa aikin da bai cika sauƙi ba, bai kuma cika wuya ba, shi ya fi korar waƙa. In ya yi sauƙi hankali ya tafi yawo, in ya yi wuya mutum ya gaji ya saki, waƙa ta dawo. Aikin da ya shafi kalmomi ya fi, domin hanya ɗaya suke bi da waƙar. Hira ta gaske da wani, karanta labari mai jan hankali, tilawa da murya a fili, lissafin cinikin yini da baki. Duk waɗannan sun fi zaman shiru ana cije baki.

Wasu kuma sauraren waƙar suke daga farko har ƙarshe, su bar ta ta sauka inda mai ita ya sauke ta. Yana yi wa mutane da dama. A ganina dai a yi shi sau ɗaya, domin wanda ya ce bari ya ƙara ji don ta fita, ya ƙara, ya ƙara, shuka yake ba cira ba. Masu korar waƙa da wata waƙar su ma su san cewa sabuwar na iya zama a kujerar tsohuwar.

In kuma ba ta hana ka kome, ƙyale ta. Yawanci da kanta take tafiya, ba ka ma san lokacin ba.

Da gaske ne cingam na magani?

Yana ragewa. Philip Beaman da abokan aikinsa a jami'ar Reading ta Ingila sun gwada a 2015, suka ga masu tauna cingam bayan sun ji waƙa ba ta yawan dawo musu kamar waɗanda ba su tauna kome. Dalilin shi ne ko a zuci mutum ke rera waƙa, ƙwaƙwalwa na tsara motsin baki da harshe kamar za a furta. Idan muƙamuƙi na wani aikin, tsarin ya rikice. Dattijon da ba zai yarda a gan shi da cingam ba, ga goro a aljihu, ya gwada. Amma ban da dare, kada a kori waƙa a kori barci tare da ita.

Tana hana ni barci, wani lokaci ma da ita nake farkawa. Kiɗan da nake kwana da shi ne?

Akwai alamar haka. Michael Scullin na jami'ar Baylor a Amurka ya kwantar da mutane 50 a ɗakin gwajin barci, aka buga sakamakon a 2021. Kafin su kwanta an kunna musu waƙoƙi uku sanannu, wasu da murya, wasu kiɗan zalla. Waɗanda waƙa ta maƙale wa sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su, sun fi farkawa cikin dare, barcinsu kuma bai yi nauyi ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne kiɗan da ba murya ya fi maƙalewa, kusan ninki biyu. Wataƙila don mai saurare ne ke sa kalmomin da kansa, wanda ba zai zama sabon labari ga mai jin kalangu ba.

Lokacin zafi, da ake kwana a tsakar gida ko bisa soro, samari da yawa da abin kunne suke barci, salula na ta juya waƙa har asuba. Mai fama da wannan matsala ya bar tazara tsakanin kiɗa da kwanciya, ya cike ta da hira ko karatu. Kiɗan bikin maƙwabta kuwa, wannan sai haƙuri.

Ina shirin jarrabawar BAC ta kammala sakandare. Waƙa na zama a kaina, darasi ba ya zama. Ba yadda za a juya abin?

Ƙanwata, an daɗe da juya shi. Jadawalin ninkawa da kika haddace a firamare, da rerawa kika haddace shi, shi ya sa har yau in kin manta bakwai sau takwas sai kin ɗauko karin daga sama. Malaman zaure sun tsara fiƙihu da nahawu a baitoci don wannan dalili: awo da amsa-amo suna gaya wa ɗalibi cewa akwai kalmar da ya tsallake, har su nuna masa tsawonta. Almajiri na jan karatunsa da kari ɗaya kullum, kuma in ya kakare, komawa baya yake ya taho da gudu, karin ya tsallakar da shi.

Saboda haka abin da jeri ne, sunayen ƙasashe, shekaru, matakan wata ƙa'ida, ki ɗora shi kan karin da kika sani, ki rera shi da murya, ki maimaita gobe da jibi maimakon sau hamsin a dare ɗaya. Amma iyakarsa ke nan. Kari na riƙe jeri, ba ya fahimtar da mutum falsafa ko lissafi. Kuma kada ki yi karatu waƙa mai kalmomi na tashi a kunnenki, domin ita da abin da kike karantawa ƙofa ɗaya suke rububi.

Ana iya ɗaukar ta daga wani?

Ƙwarai. Ba sai an rera ta duka ba, fito kaɗan ko ƙwanƙwasa tebur da yatsa ya isa, in dai mai jin ya san waƙar. Shi ya sa a shago ɗaya ko fada ɗaya za ka tarar mutum huɗu na gunaguni da abu guda, kowa na zargin ɗan'uwansa da cewa shi ya fara. Wanda waƙa ta dame shi har ya zo yana ba ka labari, ka roƙe shi ya faɗi damuwarsa ba tare da ya rera maka ba.